Ɗalibi a Indiya zai sayi babur na hannu don doguwar tafiya

"Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne daga Katsina, ina shekara ta biyu a wata jami'a a Bangalor, saura mini shekara biyu in gama. Na tara rupi dubu 55, ina son in sayi ɗan ƙaramin babur na hannu in riƙa zuwa makaranta, lokacin hutu kuma in buɗe ido: Maisur, Ooty, Goa, har Haidarabad wajen abokaina. Babban burina in je Ladak, can duwatsun arewacin ƙasar, kafin in koma gida. Akwai wani yayanmu da ya gama karatu zai tafi, yana son ya bar mini Pulsar 150 ɗinsa a kan dubu 30. Inji lafiya lau, sai dai lambar ta jihar Fanjab ce, takardun kuma da sunan wani Ba'indiye suke, shi ma haka ya saya a hannun wani ɗalibi. Ya ce shekara uku yana hawa babu wanda ya taɓa tare shi. In karɓa? In ba shi ba, wane iri ya dace da ni?"

Wa alaikumus salam ƙanena. In na fahimce ka, abu biyu kake tambaya: ko ka karɓi babur ɗin yayanku mai araha alhali takardunsa na wani ne, da kuma wane ƙaramin babur zai ɗauki doguwar hanya da kuɗin da ke hannunka. A garejin gyaran babura na mahaifina na tashi a Zariya, daga baya na yi shekara shida ina karatu a garin da kake yanzu. Babura huɗu suka bi ta hannuna a can, ban da waɗanda na raka ɗalibai suka saya. Amsar ta farko gajeriya ce: kada ka karɓa, sai in za a iya mayar da takardun da sunanka kafin ka biya ko sisi. Ga dalili.

Takarda tana gaban inji

A gida mun saba da cinikin babur na amana. Ka ga mashin a hannun dillali, ku daidaita, a rubuta rasit, shaidu biyu su sa hannu, shi ke nan. Ko rigima ta taso akwai mai unguwa, akwai wanda ya san babanka. A Indiya ba ka da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da hukuma ta sani shi ne katin rajista da suke kira RC, wanda ofishin sufuri na yanki, wato RTO, yake bayarwa. Sunan da ke kan katin nan shi ne mai babur a idon doka, ko da mutum goma sun saya sun sayar a bayansa. Kotun Ƙolin ƙasar ma ta tabbatar da hakan a wani hukunci na 2018, inda ta ce in an yi haɗari, diyya tana wuyan wanda sunansa yake kan rajista.

To ka dubi babur ɗin yayanku ta wannan fuskar. Ba ka san Ba'indiyen nan ba, shi ma yayan naku bai san shi ba. Ba ku sani ba ko da bashin banki aka sayi mashin ɗin kuma ba a gama biya ba, ko an taɓa kai rahoton sace shi, ko akwai tarin tarar kyamarar hanya da ke jira a kan lambarsa. Sannan dokar ababen hawa ta Indiya ta ce abin hawan da ya wuce wata goma sha biyu a wata jiha dole a sake masa rajista a can, kuma jihar Karnataka, inda Bangalor take, ba ta wasa da harajin hanya. Shekara uku da lambar Fanjab a Bangalor laifi ne da kansa tun kafin a zo maganar suna. Da ya ce ba a taɓa tare shi ba, na yarda da shi, domin tsakanin gida da makaranta yake yawo, a titunan da ya san inda 'yan sanda suke tsayawa. Kai kuwa iyakokin jihohi kake shirin tsallakawa, kuma baƙar fata a kan babur mai lambar wata jiha mai nisa, ido yana kansa tun daga nesa.

Ni ma irin wannan cinikin na fara yi a shekarata ta farko. Wani ɗalibi mai komawa gida ya bar mini mashin da kwafin takarda kawai. Wata biyar na yi ina jin daɗinsa, ran da na fita wajen gari aka tsayar da ni a wani shinge, aka nemi katin asali da inshora. Babu su. Aka ajiye babur ɗin, aka ce mai suna a kan kati ya zo da kansa. Ban san inda zan same shi ba har yau. Kuɗina sun tafi, amma abin da ya fi tayar mini da hankali a makonnin nan shi ne kada maganar ta shiga fayil ɗina a ofishin rajistar baƙi, FRRO, daidai lokacin da nake neman sabunta izinin zama. Ɗan ƙasa in ya shiga irin wannan, tara zai biya ya wuce. Baƙo kuwa karatunsa da zamansa duk suna rataye da tsabtar sunansa. In kuma, Allah ya kiyaye, ka buge mutum da babur marar inshora, shari'ar tana iya hana ka fita ƙasar har sai an gama ta.

Hanyar gyara takardun tana nan, amma dole sai an samu mai sunan. Shi zai sa hannu a fom mai lamba 29 da mai lamba 30 na sauya mallaka. Tun da daga wata jiha babur ɗin ya fito, sai an karɓo takardar amincewa ta NOC daga RTO ɗin Fanjab da fom mai lamba 28. In katin ya nuna sunan banki, sai an kawo fom mai lamba 35 da shaidar bankin cewa an biya bashi. Bayan nan ga harajin Karnataka. In ka haɗa wahalar da kuɗin, rangwamen dubu 25 ɗin da kake hange ya ƙare. Araha ba ta ado. Ka gode wa yayanku cikin ladabi, ka ce kana neman mai lambar KA, wato ta Karnataka, ne saboda tafiye-tafiyen da kake son yi. Zai gane.

Babur ɗin da za ka nema shi ne mai lambar KA, wanda mai sayarwa shi ne mai suna a kan kati, zai fi kyau a ce shi ya saye shi sabo. Tun kafin ka je gani, ka sa lambar a manhajar mParivahan ta gwamnati, za ta nuna maka shekarar rajista, ranar ƙarewar inshora da ta takardar hayaƙi, da ko akwai bashi a kansa. Akwai kuma shafin duba tara na e-challan. In ka je, ka durƙusa ka karanta lambar firam da ke wuyan babur da lambar inji, ka gwada su da na kan kati harafi bayan harafi. In ka ga alamar an goge ko an sake bugawa, ka tashi ka tafi, kada ka tsaya jin bayani. Doka ta ba mai saye kwana 30 ya kai maganar sauya suna RTO, inshora kuma kwana 14. A matsayinka na baƙo za a nemi fasfo, biza, takardar izinin zama da shaidar adireshi, wasiƙar makaranta ma tana taimakawa. Ni abin da nake yi, ina ba da kafin alƙalami, sauran kuɗin sai ran da muka je aka shigar da takardu tare. Wani abu da ɗalibai suke mantawa: tun watan Satumba na 2018 sababbin babura suna fitowa da inshorar shekara biyar, to na 2018 da 2019 tasu ta riga ta ƙare, kada wani ya ce maka "ai da inshorarsa ya zo" ka yarda ba ka ga kwanan wata ba.

Lasin ma haka. Ka nemi na Indiya, rukunin babur mai giya. Ana fara ba da na koyo mai aiki wata shida, bayan kwana 30 ka je gwaji. A dokar tarayya da aka gyara a 2019, tarar tuƙi ba lasin rupi dubu 5 ce, rashin inshora dubu 2, rashin hular kwano dubu 1, ko da yake wasu jihohi, har da Karnataka, sun rage nasu. Tarar ba ita ce abin tsoro ba. In ba ka da lasin da ya dace, kamfanin inshora yana da hujjar zame jikinsa ranar da kake matuƙar buƙatarsa.

Wane babur?

A nan zaɓin yayanku bai yi kuskure ba, irin mashin ɗin ya dace. Ga mai kuɗi irin naka, ajin 150 zuwa 160 shi ne daidai, kuma a cikinsu Bajaj Pulsar 150 da Honda Unicorn na fi natsuwa da su, sai Yamaha FZ da TVS Apache 160 in an samu mai lafiya. Dalilina ba kyau ba ne, ba kuma gudu ba. Pulsar tun 2001 yake kasuwa, Unicorn tun 2004, babu ƙauyen da za ka tsaya a kudancin Indiya bakanike ya ce bai san cikinsu ba, ko mai shago ya ce sai an yi odar kaya. Kamar yadda Boxer take a wajenmu ne, wadda ita ma Bajaj ɗin ne suke ƙera ta: ko a ƙauyen da babu wuta za ka samu fulogi da wayar kuloci. Wanda zai yi nisa da gida, babur ɗin da kowa yake da shi zai hau.

Tsakanin biyun, Unicorn ya fi laushin inji da daɗin zama, bayanka ba ya gajiya da wuri, shi ya sa masu shi ba sa sakinsa da araha. Pulsar ya fi yawa a kasuwa, kayansa sun fi sauƙi, tankinsa lita 15 ne, na Unicorn 13. Sai dai samari sun fi hawan Pulsar, saboda haka samun wanda ba a wahalar ba yana buƙatar haƙuri. Dukansu za su ba ka wajen kilomita 45 zuwa 50 a lita in kana tafiya a hankali.

Masu 100 zuwa 110 irin su Hero Splendor da Bajaj Platina ba su da na biyu wajen tsimin mai da juriya, kuma za su kai ka Goa, mutane suna yi. Matsalar tana kan babbar hanya. Da ka wuce 70 injin ya fara kuka, in ka zo wuce babbar mota babu sauran ƙarfi a totur, ka daɗe a gefenta, nan kuwa shi ne wuri mafi haɗari ga mai babur. In kuɗi sun matse, Honda Shine 125 ya fi su. Activa da 'yan uwanta, irin roba-robar nan marasa giya, na cikin gari ne: ƙananan tayoyi, ƙaramin tanki. Royal Enfield 350 kuwa na san kowane ɗalibi yana mafarkinsa, amma wanda dubu 55 za ta saya tsoho ne ƙwarai, ga nauyi, ga shan mai, ga neman bakanike na musamman.

Shekarar ƙira tana da muhimmanci. Daga Afrilun 2019 duk sabon babur da ya wuce 125 dole ya zo da birkin ABS, wanda yake hana tayar gaba kullewa in ka damƙe birki a firgice. In ka samu mai shi, ko da ƙarin dubu biyar ne, ka biya. Daga Afrilun 2020 kuma aka shiga sabuwar ƙa'idar hayaƙi ta BS6, akasarin babura suka bar kafireto suka koma injekta. Injekta ba ya ba da wahala, amma in ya ba da, ba a bakin hanya ake gyara shi ba, kafireto kuwa ko kai za ka iya koyon wanke shi. Saboda haka na 2017 zuwa 2019 su ne nake nuna wa ɗalibai. Kada ka gangara ƙasa da nisa: rajistar babur a Indiya shekara 15 take yi kafin a sake gwaji a sabunta, mai saye a hannunka zai lissafa abin da ya rage. Sannan man da ake sayarwa yanzu gauraye yake da itanol har kashi 20 cikin ɗari, tsofaffin babura kuwa ba a kansa aka ƙera robobinsu ba. In za ka tafi gida dogon hutu, kada ka bar mai yana kwana a kafireto.

Ranar duba mashin

Ka ce wa mai shi kada ya tayar kafin ka zo. Da isarka ka taɓa injin da bayan hannu, in da ɗumi to an riga an ɗumama shi, ka ce za ka dawo gobe da safe. Inji mai sanyi ba ya ɓoye ciwonsa. Ka tayar, ka tsaya ta baya ka kalli salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin yana ƙona baƙin mai, ringi ko bawul sun tafi, aikin buɗe inji ne, ka bar shi. Ka kasa kunne: ɗan ƙas-ƙas daga sama sau da yawa saitin bawul ne, abu mai sauƙi, amma bugu mai nauyi daga ƙasan inji babbar magana ce. Ka zaro ma'aunin baƙin mai ka murza a yatsa, in ka ji tsaki-tsaki ko ka ga ƙyallin ƙarfe, ka san abin da ke ciki.

Kada ka dogara da agogon kilomita, ana mayar da shi baya. Robar taka ƙafa, robar hannu da faifan birkin gaba su ne shaidu. Agogo ya ce dubu 18 alhali robar ƙafa ta cinye har ƙarfe, ɗayansu ƙarya yake yi. Ka ɗora babur a kan babban jaki, ka juya kai dama da hagu, in yana sarƙewa a tsakiya boris ɗin wuya ya lalace. Ka duba shakazobar gaba ko tana yoyon mai. Ka ja cen ta bayan sufuroket, in ta ɗago har ka ga rabin haƙori, ko haƙoran sun yi tsini, canji ya zo. Ka leƙa cikin tanki da fitilar waya saboda tsatsa. A jikin taya akwai lamba huɗu, misali 2319, ma'ana mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta wuce shekara biyar ta bushe ko da zanenta yana nan, kuma a ruwan sama za ta ci amanarka.

Sai ka hau. A giya ta sama, kana tafiya a hankali, ka murɗa totur gaba ɗaya. In ƙarar inji ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, kuloci yana zamewa. A miƙaƙƙen titi marar mutane ka sassauta riƙon kai, in babur yana jan gefe guda to ya taɓa faɗuwa mai tsanani, firam ko ƙafar gaba ta lanƙwashe. Wannan ba ya gyaruwa yadda ya kamata. In za ka iya, ka biya wani bakanike da ba shi da alaƙa da mai sayarwa ya raka ka.

Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, na hannu dole ya ci kuɗi a makon farko. Shi ya sa ba na son ka zuba dubu 55 ɗin duka a kan ciniki. Ka tsaya wajen dubu 40 zuwa 43. Ragowar ta tafi ga sauya suna, inshora, baƙin mai, fulogi, matatar iska, wataƙila cen da taya, da hular kwano mai rufe fuska duka wadda ke da tambarin inganci na ISI, da safar hannu. Hular bakin titi ta rupi ɗari biyu ba ta kare kai.

A kan hanya

Bangalor zuwa Haidarabad wajen kilomita 570 ne a kan babbar hanya ta 44, kusan Kano zuwa Maiduguri ke nan. Kada ka fara da ita. Ka fara da Maisur, kilomita 145, ka san halin mashin ɗinka da na jikinka. Ka sani tun Agustan 2023 an hana babura hawa tsakiyar sabuwar hanyar Bangalor zuwa Maisur, ta gefe za ka bi. A sauran manyan hanyoyin tarayya mai babur ba ya biyan kuɗin shinge, akwai ɗan layinsa a gefen hagu. In Ooty za ka, hanyar ta ratsa dajin Bandipur, ana rufe ta daga ƙarfe 9 na dare zuwa 6 na safe, kuma akwai giwaye, ba a tsayawa ɗaukar hoto. A gangaren dutse ka sauko da ƙaramar giya, kada ka kwanta a kan birki har ya yi zafi ya daina kamawa.

A 150, gudun 70 zuwa 80 shi ne inda inji yake numfashi da kyau yini guda. Ka tashi bayan sallar Asuba, ka huta duk bayan awa ɗaya da rabi, ka sauka kafin Magariba. Ban yarda da tafiyar dare a babur ba ko kaɗan: shanu a tsakiyar titi, karnuka, tudun rage gudu marar fenti, taraktoci ba fitila, da masu tahowa ta hannun da ba nasu ba. Hannun hagu ake bi a can, ka riga ka sani, amma hannun gida yana dawo wa mutum ne lokacin gajiya, musamman in ya fito daga gidan mai zuwa titin da babu kowa. Damina daga Yuni zuwa Satumba take, hanyoyin duwatsun da ke gangarawa Goa suna da zaftarewar ƙasa a lokacin, Afrilu da Mayu kuma zafin Haidarabad ba na wasa ba ne. Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin tafiya. Masauki kuma ka kira tun kafin ka tashi, domin dole otal ya cika wa baƙo fom ɗin C na rajistar baƙi, ƙananan masaukai da yawa ba sa yi, sai su ce babu ɗaki bayan ka iso a gajiye. A jakarka kada a rasa wayar kuloci, fulogi, kayan faci, man cen, da takardunka a cikin leda.

Ladak kuwa, 150 yana zuwa, amma daga Bangalor tafiyar dubban kilomita ce kafin ma ka fara hawan dutse, kuma a tsayin da ya wuce mita dubu 5 injin kafireto yana rasa ƙarfi sosai saboda ƙarancin iska, kai ma haka. Hanyar Manali zuwa Leh, babban garin Ladak, 'yan watanni kawai take buɗewa, wajen Yuni zuwa Oktoba, wurare irin su Nubra da tafkin Pangong kuma baƙo sai da izini na musamman. Jirgin ƙasa yana ɗaukar babur in an zuƙe man tanki an nuna RC. Ni dai shawarata ka je Leh, ka kwana biyu jikinka ya saba da tsayin, ka yi hayar babur a can.

Ban ga Pulsar ɗin nan da idona ba, kuma farashi da ƙananan sharuɗɗan RTO suna sauyawa, saboda haka ka je ofishin yankinku da kanka ka tambayi abin da suke nema a hannun baƙo kafin ka fara ciniki. Sannan ka riƙe wannan don shekara biyu masu zuwa: in lokacin komawarka ya matso, ka sa babur ɗin a kasuwa wata biyu kafin ranar tashi, ba mako biyu ba. Ka tsaya har sai ka ga sunan mai saye ya fito a mParivahan, ko da ƙaninka ne ɗan Katsina zai karɓa, ka raka shi RTO ku yi abin da ya dace kafin ka miƙa masa makulli.